Ɗakin Layin Masaƙa da Kunnuwan Auta

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yaran. Ni dai da sauƙi. Gwiwa ce ke ci mini tuwo a ƙwarya in gari ya yi sanyi, sai idon hagu da ke ruwa, amma ina cin abinci, ina zuwa kasuwa da ƙafata.

Mai Kemis ne ke rubuta mini, maƙwabcina ne, shagonsa na bakin layinmu. Ranar da kika kira a wayarsa ya kawo ya ɗora mini a kunne, na yi ta cewa na'am, na'am, alhali ko tari kika yi ban ji ba. Kada ki ɗauka wulaƙanci ne. Kunnuwana masaƙa ta cinye su tun ba a haife ki ba. In kina son magana da ni, sai dai takarda. Shi ya karanta, ni in dubi bakinsa. Har gashin baki na sa ya rage saboda wannan. Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya rage.

Ya ce kina tambaya ta ina na zama gwaggonki. Babana da kakanki uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinki, Allah ya ji ƙansa, a ɗakin nan ya sauka da ya zo neman aiki yana saurayi. Bai daɗe ba ƙurar auduga ta sa masa tari, ya tattara ya gudu. Ke kuwa sau ɗaya na taɓa ganinki, kina jaririya, kika cika mini mayafi da tumbuɗi.

Kin ce in ba ki labarin garin. Garin dai masaƙa ce, sauran duk jela ne. Jiniya ke tashinmu, ita ke sa mu ɗora tukunya. Ni yanzu ba na jin ta, amma karen mai faci yakan ɗaga kai sama ya wage baki, sai in san ta busa. Zakarun garin nan ba sa cara da asuba kamar na mutane, sai sun ji jiniya. Ranar da ta lalace rabin gari ya makara, har da zakarun.

Akwai rafi a bayan layinmu inda ruwan rini ke fita. Yau ja, gobe shuɗi, jibi kore. Ba ma tambayar me ake rinawa, agwagin Ƙoshiya muke dubawa. Farare ta saye su, amma tun da suka zo ba wanda ya ƙara ganin farinsu. Ƙoshiya ƙawata ce, injinta na kusa da nawa tun muna 'yan mata. Kin san ƙoshiya, abin nan da ke kai zare ya dawo a cikin saƙa. To haka take, daga wannan gida ta faɗa wancan, sai dai ita labari take kaiwa.

Yadin da aka yi kuskure a kansa mu ake sayar wa da araha. Shi ya sa in kika shigo layinmu za ki ga labulen kowa iri ɗaya, zanen gado iri ɗaya, rigunan yara iri ɗaya. Wata shekara injin buga zane ya karkace, tsuntsaye suka fito ba kai. Muka shekara muna yawo da tsuntsaye marasa kai, har Manaja an gan shi yana share zufa da hankicinsu.

Sai abu ɗaya marar daɗin faɗa. Ɗakin nan na masaƙa ne. Ƙa'idarsu ita ce, muddin akwai ɗan gida da ke aiki a ciki, ɗaki naku ne. In babu, ku ba da makulli. Da ni ce da mijina. Ya rasu, na tsufa, sai ɗan ƙanensa da na riƙe ya shiga. To shi ma ya samu tuƙin babbar mota a wani gari ya tafi, ban kuma hana shi ba. Akawun gidaje ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce kafin shekara ta fita ɗakin zai koma hannun wani. Mutumin kirki ne, na ga kunya a bakinsa. Na faɗa miki ne don in kika rubuto aka ce ba na nan, kada ki ce mutuwa na yi.

Ki shafa mini kan yaran.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki da ladabi, Allah ya ƙara lafiya. Mu ma muna lafiya, ƙaramar ce ta yi mura ta warke. Na karanta wa yara takardarki, tun ranar ba su da aiki sai zana agwagi masu launi a bayan littattafansu. A gaishe mini da Baba Mai Kemis, a ba shi haƙuri kan gashin baki.

Gwaggo, na gane abin da kike nufi ko da ba ki furta ba. Ba sai kin roƙa ba. Ke kaɗai kika rage mini a dangin Baba, ba za a fitar da ke titi ina raye ba. Ɗaki biyu muke haya ni da yara tun rasuwar babansu, na kuma yi magana da mai gidan ya yarda. Ke za ki ɗauki na ciki. Ba hayaniya, taga ɗaya ce tana kallon katanga, za ki huta. Ni da safe nake fita shagon ɗinkin da nake wa aiki, yara su tafi makaranta, gida ya zama naki har yamma. Akwai asibitin kunne a nan, sai mu gwada ko za su ba ki abin sawa.

Ki fara haɗa kaya, amma ban da masu nauyi. Gado da tukwane duk akwai. Ki gaya mini lokacin da kike so in zo in ɗauke ki.

'Yarki, Auta

*

'Yata Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da masu zanen agwagi. Gwiwa ta yi sauƙi, Mai Kemis ya ba ni man shafawa mai warin fenti, ya ce in faɗa miki nasa ne ya yi aiki. To na faɗa.

Takardarki ta zo. Da ya karanta mini na yi hawaye, Ƙoshiya ta ce da ma idon yana ruwa, kada in yi mata burga. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Amma 'yata ba roƙo nake yi ba, kuma ba zan iya zuwa ba. Tsaya ki ji dalili kafin ranki ya ɓaci.

A ɗakin saƙa, in injuna suka tashi, ko ihu kika kwarma a kunnen mutum ba zai ji ba. Mata kuwa ba sa iya wuni bakinsu a rufe. Sai muka koyi yi da leɓe, ba murya. Ki buɗe baki sosai, ki fito da magana a hankali, hannu ya taya. Daga wannan bango zuwa wancan muna hira, zare na gudu a hannunmu. A haka aka fara yi mini kwatancen mijina, aka ce ga wani dogo can a wurin rini yana ta leƙe. A haka muka sha zagin heluma, wato mai kula da mu, yana tsaye a tsakiyarmu yana duba agogo. Shekara da shekaru bai sani ba, sai da ya auri ɗaya daga cikinmu. Daga nan ya daina tsayawa a tsakiya.

Abin ya fito daga masaƙa ya bi gari. Mahauci da leɓe yake ciniki da mu. Direban bas in zai faɗi inda aka zo sai ya juyo mana da fuskarsa gaba ɗaya, motar na tafiya, amma bai taɓa kai mu rami ba. Yaran da ko ƙofar masaƙa ba su taɓa shiga ba sun iya, don da shi uwayensu ke yi musu faɗa a gaban baƙi. Ni da Ƙoshiya ƙofarta na kallon tawa. Kowa na zaune a dakalinta, hanya na tsakaninmu, mu yi hira har rana ta take ba wanda ya ji motsinmu. A nan in magana ta sirri ce ba murya ake ragewa ba, baki ake karewa da hannu. In kuwa kika ga mace ta juya miki baya tana magana, to da ke take.

Na taɓa zuwa birni, lokacin da aka kwantar da mijina a babban asibiti. Mutanen kirki ne, ban ce ba. Amma suna magana kai a sunkuye, ko suna tafiya, ko suna kallon wani wuri. In ban gane ba sai su ɗaga murya, fuska ta yamutse, in ƙara ɓata. Daga nan sai su gaji, su juya ga na kusa da ni su ce, "Me take so?" Ina zaune fa. Duk zaman da na yi can, in ban da na gode ba abin da ya fita daga bakina. Abin kunnen ma sun gwada mini, sai ƙara kamar ana suya a cikin kaina. Likita ya ce jijiyar ta riga ta mutu.

Kin ce tagar tana kallon katanga. Katanga ba ta da baki, Auta. A nan ni tsohuwa ce mai surutu, har akwai masu canza hanya in sun hango ni. A can kurma zan zama, a ajiye ni a kawo mini abinci. Ba raina ɗakinki na yi ba, Allah ya sani.

Ina dai ta neman mafita. Ƙoshiya ta ce in koma wurinta, amma jikoki ne har ƙarƙashin gado, ita kanta a takure take kwana. Haya kuwa babu a garin nan, duk ɗakin da ke tsaye na masaƙa ne. Ki taya ni da addu'a.

Gwaggonki

*

Auta,

Ina gaishe ki. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Ni lafiyata lau, sai barci da ya rage.

Kullum mai kawo wasiƙu ya shigo layinmu sai in tashi tsaye, shi kuma tun daga nesa ya girgiza mini kai. Yanzu har kunyar wucewa yake ji, ta bayan rafi yake zagawa. Na sa Mai Kemis ya tuna mini abin da na faɗa a takardar baya, ko akwai inda bakina ya yi kaifi. Ya ce maganar katangar nan da ban yi ta ba. Na ce to me ya hana ka ƙi rubutawa? Ya ce shi hannu ne kawai. Mutum ya ba ka ɗakin barcinsa ka tsaya kushe taga, wannan ba tarbiyya ba ce. In abin da ya ɓata miki rai ke nan, ki yafe wa tsohuwa.

An riga an zo duba ɗakin. Wani mai gyaran injuna ne da matarsa, tana da tsohon ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa, sai da na jawo ta na nuna mata inda rufi ke yoyo da inda ake kafa gado don kada sanyin bango ya kama mutum. Ba laifinta ba ne.

Na fara ɗaure kaya. Ƙoshiya ta shigo ta gani, ta kwance ƙulli ɗaya, na ɗaure, ta kwance, har muka gaji muka zauna. Na yi tunani na sake. In ɗakin cikin nan yana nan, zan zo. Zan koyi kallon katanga. Ki dai rubuto, ko layi ɗaya ne.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina neman gafararki. Muna lafiya ni da yara. Wallahi ban yi fushi ba, kunya ce ta riƙe mini hannu.

Bayan na aiko miki da waccan takarda ba da daɗewa ba, mai shagon da nake wa ɗinki ya sayar da kekunansa ya bar gari. Muka zo da safe muka tarar da kwado a ƙofa. Tun ranar nake bin shaguna, kowa ya ce yana da masu yi. Ɗan gyaran da maƙwabta ke kawo mini shi muke ci. Ɗakin cikin da na yi miki alkawari na mayar wa mai gidan, mun koma ɗaya. Na cika baki na ce ba za a fitar da ke titi ina raye ba, ga shi ni kaina ina leƙen titin. Sau nawa na ɗauki biro na ajiye.

Da takardarki ta ƙarshe ta zo na zauna na sake karanta ta farko. Kin ce muddin akwai ɗan gida da ke aiki a masaƙa, ɗaki naku ne. Gwaggo, ni ba 'yar gida ba ce? Na kira Baba Mai Kemis, ya ce ya ji ana ɗaukar mata, kuma akawun ya ce in dai jini ɗaya ne, tukunya ɗaya, ƙa'ida ta cika. Hannuna ya saba da zare. Ke ki zauna a ɗakinki, ni in samu aiki, yara su shiga makarantar garin. Ban san me ya hana ni ganin wannan tun farko ba.

Ki ce to, mu taho.

'Yarki, Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, na gode wa Allah da kuke lafiya. Abin da ya same ki ya taɓa ni. Da kin faɗa tun farko, ai da mun raba damuwar biyu. Mai Kemis kuwa na yi masa tas, mutum yana ƙulla magana a bayana yana zuwa yana zauna mini kamar bai san komai ba. Yanzu haka da yake rubuta wannan fuskarsa a ɗaure take. Rubuta, ai kai hannu ne kawai.

Amsata a'a ce.

Kina tsammani ban gani ba? Tun ranar da aka ce mini tela ce ke, na gani. Shi ya sa na yi ta ba ki labarin agwagi da tsuntsaye ban ce ki zo ba. Duk da haka na je na tambaya da kaina. Wurin rini ya cika, wurin ɗaurin kaya ya cika. Ɗakin saƙa kaɗai ake ɗauka, don nan ne mutane ba sa daɗewa.

Bari in gaya miki yadda abin yake zuwa, don ba wanda ya gaya mini. Ranar farko za ki fito kanki na kuwwa, ki ga mutane na motsa baki kamar kifi, sai yamma ya sake ki. Ki yi dariya, kowa ya yi miki dariya, a ce kin shiga sahu. Bayan shekara ki fara cewa me ka ce. Daga nan ki daina jin tafasar ruwa, sai kin ga murfi na rawa. Ba ya ciwo, shi ne muguntarsa. Wata rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina ɗaki ina ninke kaya, ban sani ba sai da na ga Ƙoshiya ta shigo a jiƙe. Rufin kwano ne fa a kaina.

Mijina mutum ne mai waƙe-waƙe in yana aski. Muryar ba daɗi, amma ba ya fasawa. Wata safiya na dube shi a gaban madubi, baki na motsi, maƙogwaro na hawa da sauka, ni kuwa shiru. Ban faɗa masa ba. Ya yi shekaru bayan nan yana yi, ina gyaɗa kai. Kafin ya rasu na riga na manta yadda muryarsa take. Yanzu ko a mafarki ya zo, da leɓe yake mini magana.

Yaranki ƙanana ne. Akwai kiran da za su yi miki wanda dole ki ji shi daga wani ɗaki. Ba zan sayi ɗaki da kunnuwanki ba, ko da ɗakin na zinariya ne, balle wannan mai yoyo. Ki ci gaba da neman ɗinki, Allah zai buɗa. Ni zan ba da makulli in bi ɗan ƙanen mijina. Ya ce akwai wani lungu a gidan da yake kwana, ba zan rasa inda zan shimfiɗa tabarma ba.

Kada ki sake tayar da maganar nan.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Kin ce kada in tayar da maganar, ki yi haƙuri, sau ɗaya zan saɓa miki.

Na yi kuka da na karanta labarin Baba mijinki. Amma Gwaggo, ba don ke kaɗai zan zo ba. Babbar an koro ta daga makaranta don ban biya kuɗi ba. Ni ba yarinya ba ce, na san abin da nake ɗauka da abin da nake ajiyewa.

Na tambaya, an ce yanzu ana ba masu saƙa abin rufe kunne, kamar ƙananan kwanuka biyu da baka a bisa kai. An ce mata da yawa a wuya suke rataye shi, wai zafi, wai yana ɓata ɗaurin kallabi. Ni zan sa, ko zai dafa mini kai. In na sa kuwa ba zan ji kowa ba, don haka dole ki koya mini maganar leɓe, in ba haka ba su yi ta zagina ina murmushi kamar helumanku.

Amma ba zan taho ba sai kin ce in taho. Ɗakinki ne, kuma ke ce uwata a yanzu. Ki dai tuna shekara ta kusa fita.

'Yarki, Auta

*

'Yata Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yaran. Ki ce wa babbar ta adana littattafanta. Ni lafiya lau. Mai Kemis ne dai ke fama da ciwon ƙafa, za ki ji dalili.

Taurin kan nan na mahaifinki ne, shi ma sai dai tari ya kore shi, ba magana ba. An karanta mini takardarki. Kwanukan nan na sha ganinsu a wuyan 'yan mata, ban taɓa yarda da su ba. To ta yaya zan gwada? Ni ko tukunya aka kifa mini a ka duk ɗaya ne. Sai na ce ina da maƙwabci wanda in aka yi gulma a bayan bango biyu yana ji. Na je na tsaya wa Mai Kemis a ƙofar shago har ya rufe ya biyo ni masaƙa.

Heluman yanzu ɗan wata ce da na koya wa aiki, bai iya hana ni shiga ba. Rabona da ɗakin saƙa tun da na ajiye aiki. Da na taka ƙasan na ji rawar injuna ta hau mini ƙafa har ciki, sai da na dafa bango. Warin mai da auduga yana nan yadda na bar shi.

Na fara shigar da Mai Kemis kunne a buɗe, don ya san abin da ake magana a kai. Mutumin nan da ya shekara da shekaru yana sayar mana da maganin ciwon kai, ashe bai taɓa leƙa inda ciwon ke fitowa ba. Ido ya raina fata, ya juya zai fita, na riƙe masa riga. Sannan na sa aka kifa masa kwanukan, na gyara masa su da hannuna, na tsayar da shi kusa da injin da ya fi kowanne hauka, tun daga jiniyar safe har aka tashi cin abinci. In ya nemi zama in nuna masa matan da ke tsaye.

Ina nan tsaye na ga 'yan matan da nasu ke reto a wuya. Na daki ƙarfe har suka dubo ni, na yi musu da leɓe daga inda nake. Na ce ku dube ni da kyau, ni ce ku nan gaba. Na ce kallabi ana sake ɗaura shi. Ba wadda ta yi dariya. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗaga suka sa, har da wata mai kitso sabo.

Da muka fito na zaunar da shi a inuwa, na cire masa, na sa Ƙoshiya ta zagaya bayansa nesa kaɗan ta yi raɗa. Ina kallon bakinta. Cewa ta yi man shafawarsa fenti ne da ruwa. Kafin ta rufe baki ya juya ya ce, "To ki dawo mini da kwalba ukun da kika karɓa." Ni a ranar farkona, ko jiniya ce ta busa a bayana a wannan lokaci da ban juya ba.

Ban ce hankalina ya kwanta duka ba. Safiya ɗaya ce aka gwada, ni kuwa rabin rayuwata na yi a ciki. Don haka ga sharaɗina. Za ki sa su tun daga ƙofa, ba sai kin isa inji ba. Ina da idanu a ciki, in kika cire ko don sosa kunne ne, kafin ki iso gida na sani. Kuma duk ranar da na ga 'yarki ta maimaita miki magana kin ce me kika ce, ranar za mu ba da makulli mu tafi gaba ɗaya, ko ina ne. Wannan ba na neman shawararki a kai.

Na je wurin akawu na gaya masa 'yata na zuwa. Ya yi ajiyar zuciya kamar shi aka sauke wa kaya. Mai gyaran injuna da matarsa an ba su na ƙarshen layi, wanda ya fi nawa rufi. Ta haihu, mace.

Ku taho. Ki zo da kekenki in kina da shi, matan layin nan sun gaji da ɗinkin Ƙoshiya. Ki hau motar safe don ku iso da sauran rana. Zan zauna a bencin tasha, wanda ke kallon inda ake sauka. Ban san fuskarki ba, ke ma ba ki san tawa ba, amma za ki ga tsohuwa tana duban bakin kowa. Kada ki kira ni, ba zan juya ba. Ki zo ki tsaya a gabana, ki ajiye kaya, ki ce Gwaggo a hankali.

Gwaggonki